Binciken Lafiya a Asibitocin 'Yan Mazan Jiya: Yadda Ake Yin Sa da Inda Yake Ɓaci

Duk wanda ya taɓa raka tsohonsa ganin likitan hawan jini a Sakkwato ya san yadda abin yake tafiya. A ɗaura masa abin awo a damtse, a karanta lambobi biyu, a rubuta masa ƙwaya ɗaya ko biyu, a ce ya riƙa sha kullum ko da ba ya jin ciwon komai. Wannan magana ta ƙarshe, ta shan magani alhali mutum yana jin kansa garau, ba ta daɗe a duniya ba. Shekara sittin da suka wuce manyan likitoci da yawa ba su yarda da ita ba. A ganinsu hawan jini dabara ce ta jiki don ya tura jini cikin jijiyoyin da tsufa ya ƙuntata, kuma saukar da shi zai iya hana ƙwaƙwalwa da ƙoda samun rabonsu. Hujjar da ta kashe wannan gardama daga asibitocin tsofaffin sojojin Amurka ta fito.

Likitan da ya jagoranci aikin sunansa Edward Freis, na asibitin tsofaffin sojoji da ke Washinton. An fara ɗaukar mutane a 1964, a asibitoci da dama lokaci guda. Kafin a saka mutum a ciki sai an gwada shi tukuna. A ba shi ƙwayoyin fanko, waɗanda ba su da magani a cikinsu sai ɗan bitamin B2, ya tafi gida da su. In ya dawo a ƙirga abin da ya rage a kwalba, sannan a karɓi fitsarinsa a haska shi da fitila irin wadda ake duba jabun kuɗi da ita. Fitsarin wanda ya sha bitamin ɗin yana ƙyalli, na wanda ya ajiye kwalbar a ƙarƙashin filo ba ya yi. Wanda ya faɗi wannan jarrabawa, ko ya riƙa saɓa ranar dawowa, ba a ɗauke shi ba. Waɗanda suka tsallake aka raba su gida biyu da ƙuri'a. Gida ɗaya ya sami haɗin magunguna uku, ɗaya mai sa fitsari, da rizafin, da haidiralazin. Ɗaya gidan ya ci gaba da fanko. Maras lafiya bai san wanne yake sha ba, likitan da ke duba shi ma bai sani ba.

A cikin mutum 143 da lambar ƙasa ta awon jininsu, wato ƙaramar cikin lambobi biyun nan, take tsakanin 115 da 129, mutum 70 ne suka sami fanko, 73 suka sami magani. Masu fanko 27 suka gamu da mummunar matsala, irin su shanyewar ɓarin jiki, gazawar zuciya da lalacewar ƙoda, kuma huɗu daga cikinsu suka rasu. A cikin masu magani biyu kawai suka sami matsala, babu wanda ya rasu. Tazarar ta yi yawan da dole aka dakatar da wannan ɓangare, aka ba kowa magani, aka buga sakamakon a 1967. Na mutum 380 masu lambar ƙasa tsakanin 90 da 114 ya biyo baya a 1970, shi ma ya nuna amfanin magani. Yau babu kwamitin ɗa'a da zai yarda a bar mai lambar ƙasa 120 a kan fanko, kuma wannan binciken ne ya sa hakan ya zama haramun a likitance.

Me ya sa a can aka iya, ba a wani wuri ba? Na'urorinsu ba su fi na sauran asibitoci ba. Abin da suka fi kowa shi ne jama'ar da ba ta watsewa. Tsohon soja da ke karɓar magani kyauta a asibiti guda yana dawowa wannan asibitin shekara da shekaru, yana da lamba ɗaya, fayil ɗaya, kuma in ya ƙaura zuwa wata jiha asibitin can ma na hukuma ɗaya ne. Wannan hukuma ta kula da tsofaffin sojoji da Amurka ta kafa a 1930, wadda ta zama cikakkiyar ma'aikata a 1989, tana da manyan asibitoci kusan 170 da mutum fiye da miliyan 9 a rajista. A 1946, lokacin da sojojin Yaƙin Duniya na Biyu suka cika gadaje, aka yanke shawarar haɗa waɗannan asibitoci da kwalejojin koyon likitanci na jami'o'i. Malamin jami'a ya sami marasa lafiya, tsohon soja ya sami ƙwararren likita, kuma wanda ke duba shi da safe shi ne ke zaune a ɗakin gwaje-gwaje da yamma. A wannan shekarar aka fara gwada allurar sitireftomaisin a kan masu tarin fuka a asibitoci da yawa bisa ƙa'ida guda. Saboda an tara sakamakon wuri ɗaya aka gane da wuri cewa yawan maganin yana lalata jijiyar kunne mai riƙe daidaiton tsayuwa, kuma ƙwayar cutar tana bijire masa cikin 'yan watanni in shi kaɗai aka bayar. Daga nan aka rage awo, aka koma haɗa shi da wani maganin. Haɗa magunguna da ake yi wa mai tarin fuka a yau reshe ne na wannan darasi.

Sauran nasarorin sanannu ne. A asibitin Bronx, Rosalyn Yalow da Solomon Berson suka fito da hanyar auna insulin a cikin ɗigon jini, aikin da ya samo wa Yalow lambar yabo ta Nobel a 1977. A Buffalo aka dasa wa mutane na'urar daidaita bugun zuciya a cikin jiki a 1960. A 1983 aka nuna a kan maza 1,266 masu ciwon ƙirji na gargaɗin bugun zuciya, wato toshewar jijiyar zuciya, cewa asfirin guda a rana, na mako 12, yana rage mutuwa ko bugun zuciya da kusan rabi. Tun 2011 kuma suke tara jini da bayanan lafiyar tsofaffin sojoji don nazarin gadon halitta, har adadin ya cika miliyan ɗaya a 2023.

Akwai guda ɗaya da ya fi kusa da mu. A 1993 aka buga sakamakon gwajin magungunan hawan jini guda shida a kan tsofaffin sojoji 1,292, kowa magani ɗaya tak. Saboda baƙaƙen fata suna da yawa a sojan Amurka, an samu damar duba su daban. Kaftofiril, wanda ya fi aiki ga matasan fararen fata, bai taɓuka abin kirki ba ga baƙaƙe in shi kaɗai ne. Diltiyazem, ɗan gidan su amlodifin, shi ya zo na ɗaya a wajensu. Wannan ya sa likita a nan yakan fara da amlodifin ko mai sa fitsari. Amma baƙin Ba'amurke ba Bahaushen Wurno ba ne, ko a abinci, ko a yanayi, ko a gadon jini. Sai a 2019 wani bincike da Dike Ojji na Jami'ar Abuja ya jagoranta, a kan mutum 728 a ƙasashen Afirka shida, ya tabbatar a ƙasarmu cewa haɗin da ke da amlodifin a ciki ya fi wanda babu shi saukar da jini. Shekara 26 ke nan muna aiki da hujjar aro kafin mu sami tamu.

To, irin abin da ya ba waɗannan asibitoci ƙarfi shi ne kuma yake jawo musu ɓaraka. Na farko dai mutanen da ake nazari ba hoton al'umma ba ne. Kusan tara cikin goma maza ne, don haka duk binciken da aka ambata a sama na Freis da na asfirin da na magunguna shida babu mace ko ɗaya a ciki. Sannan soja mutum ne da aka tace tun ranar ɗauka. An kori mai sikila, mai farfaɗiya, mai raunin zuciya. Wanda ya kwatanta mace-macen tsofaffin sojoji da na sauran jama'a zai ga kamar aikin soja yana ƙara lafiya, alhali tun farko lafiyayyun aka zaɓa. Gwargwadon da ya dace shi ne a kwatanta sojan da ya je fagen daga da takwaransa da bai je ba, masu shekaru ɗaya da muƙami ɗaya. Jarrabawar fitsari ta Freis ma tana da nata tasirin: ta nuna abin da magani yake yi ga wanda ke sha kullum, ba ta faɗi komai ba a kan wanda yake sha kwana uku ya bari in kansa ya daina ciwo, kuma irin wannan shi ya fi yawa a layin asibiti.

Labarin firazosin ya isa darasi. Tsohon maganin hawan jini ne, sai likitoci a Seattle suka lura yana rage munanan mafarkai ga sojojin da yaƙi ya bar musu firgita. Ƙananan gwaje-gwaje suka goyi bayansa, aka riƙa rubuta shi ko'ina. Da aka yi babban gwaji a kan mutum 304 a asibitoci 13, sakamakon da ya fito a 2018 ya nuna bai fi fanko ba. Masu binciken da kansu sun kawo dalili mai kama hankali: an keɓe waɗanda rayuwarsu ke cikin rikici, kuma mai yiwuwa likitoci sun ƙi tura marasa lafiyarsu mafi jigata don gudun kada ƙuri'a ta jefa su gidan fanko. Ke nan mutanen da maganin zai fi yi wa aiki ƙila ba su shiga ba. Wanda likita ya ƙi turawa yana iya sauya sakamako kamar wanda ya tura, shi ya sa ake ajiye littafin duk wanda aka duba, da wanda aka ɗauka, da wanda aka bari da dalilin barinsa.

Mafi muni shi ne inda amana ta karye. A 1999 an dakatar da dukkan bincike a asibitin tsofaffin sojoji na yammacin Los Angeles saboda sakaci wajen kare mutanen da ake gwaji a kansu. A Albany wani jami'in bincike ya sauya sakamakon gwajin jini don a saka wani tsohon soja mai raunin hanta da ƙoda cikin gwajin maganin daji da bai cancanta ba. Mutumin ya rasu, jami'in ya sami ɗaurin wata 71 a 2005. A 2006 aka sace kwamfutar wani ma'aikaci a gidansa, ɗauke da bayanan tsofaffin sojoji miliyan 26 da rabi. Mu a Arewa ba sai an ba mu labarin waje ba. Gwajin maganin Trovan da kamfanin Pfizer ya yi a kan yara 200 lokacin annobar sanƙarau a Kano a 1996, inda yara 11 suka rasu, yana cikin abin da ya hura wutar ƙin allurar shan-inna a 2003. Bincike ɗaya da aka yi ba bisa ƙa'ida ba yana rufe ƙofa ga goma masu zuwa.

Nijeriya ba ta da jerin asibitoci na tsofaffin sojoji zalla. Wanda ya ajiye kaki yana zuwa asibitin bariki, ko manyan asibitocin soja irin na 44 da ke Kaduna da na 68 da ke Yaba a Legas, ko asibitin farar hula ta hanyar inshorar lafiya ta sojoji, ko kemis ɗin bakin kasuwa. Fayil ɗinsa a warwatse yake. Amma mutanen suna nan, sahu-sahu: 'yan tsirarun da suka rage daga yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, waɗanda suka je Laberiya da Saliyo daga 1990, waɗanda suka yi Arewa maso Gabas tun 2009, da waɗanda ke dawowa daga dazuzzukan Zamfara da gabashin Sakkwato. Kuma an riga an nuna asibitin sojanmu zai iya riƙe dogon bincike. Tun 2005 Ma'aikatar Tsaro take aiki da cibiyar Walter Reed ta sojan Amurka a kan cutar ƙanjamau, kuma tun 2013 ake bin wasu mutane a Abuja da Legas duk wata shida, tare da takwarorinsu na Kenya da Tanzaniya da Yuganda.

Sakkwato tana da kayan haɗin a kusa da juna: Runduna ta 8 da barikin Giginya, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya da ke Kware, da ƙungiyar 'yan mazan jiya mai sanin gidan kowa. Abin da Amurka ta yi a 1946 shi ne ɗinke irin waɗannan da yarjejeniya. Akwai kuma tambayoyin da ba wanda zai amsa mana daga waje. Ƙafar roba da aka ƙera don ƙasar sanyi, yaya take yi da dungun mutum a watan Afrilu, lokacin da zafi ya haura 40, gumi ya taru a cikin kwaroron ya saɓule fata? Yaya mai ita zai yi zaman tahiya, ya tsuguna a bayi, ya yi alwala sau biyar yana cirewa yana mayarwa? Indiya ta yi wa kanta wannan tambaya ta fito da ƙafar Jaipur a 1968, wadda ke lanƙwasa don tsuguno. Haka batun ƙugin kunne da kurumta bayan fashewar nakiya, da shan tiramadol da ya fara da ciwon rauni.

A ɗauki misalin gwajin magungunan hawan jini biyu a nan, a bi shi daki-daki. Kafin a taɓa mutum ɗaya sai an rubuta ƙa'idar aiki, kwamitin ɗa'ar bincike mai rajista ya amince bisa dokokin da kwamitin ƙasa ya fitar a 2007, hukumar NAFDAC ta ba da izini, an kuma yi rajistar gwajin a fili don kada a ɓoye sakamako in bai yi daɗi ba. Sai lissafin adadi. A ce bambancin maki 5 ake son ganowa a lambar sama, kuma awon mutane yana warwatsuwa da kusan maki 15. Lissafin da aka saba yana ba da mutum 142 a kowane gida. In ana tsammanin ɗaya cikin biyar zai ɓace a hanya sai a ɗauki 178, jimilla 356. In aka rage bambancin da ake nema zuwa rabi, adadin sau huɗu zai ninka. A nan yawancin ƙananan bincikenmu suke mutuwa. A ɗauki mutum 60, ba a ga bambanci ba, a rubuta cewa magungunan ɗaya suke, alhali ragar ce ta yi faɗin da kifin ya wuce. Asibiti ɗaya ba zai tara 356 da sauri ba, dole Sakkwato ta haɗa hannu da Gusau da Birnin Kebbi da Kaduna, kowa da takarda iri ɗaya.

Ƙuri'a kuma kada ta kasance a hannun mai duba maras lafiya. In ambulan aka yi amfani da shi, ya zama mai kauri da lamba a jere, domin an sha samun ma'aikaci mai tausayi ya ɗaga shi a hasken taga don ya zaɓar wa wanda ya fi jigata sabon magani. Niyyarsa alheri ce, amma ya rusa binciken. Gara a kira wata lamba a wani gari, a faɗi lambar mutum, a ji gidan da ya faɗa. A riƙa jefa ƙuri'ar rukuni-rukuni na mutum huɗu ko shida don gidajen biyu su tafi kafaɗa da kafaɗa duk shekara, saboda awon jini yakan ɗan hau da hunturu ya sauka da bazara. In gida ɗaya ya cika da mutanen Janairu ɗayan da na Afrilu, yanayi aka auna.

Awon kansa yana da ladubba. Mutum ya zauna minti biyar, bayansa a jingine, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai da zuciya, ba magana. Kada ya ci goro, ya sha shayi ko taba cikin rabin awa kafin awo, kuma goron nan sai an tambaya da suna, don dattijo ba ya ɗaukarsa a matsayin abin da ya ci. Ya cire babbar riga maimakon ya naɗe hannunta ta shaƙe damtse. Maɗaurin ya dace da kaurin hannu, domin ƙarami a kan babban damtse yana ƙara lamba. A auna sau uku da tazarar minti ɗaya, a ɗauki matsakaicin biyun ƙarshe. Mai duba takardu ya lura da lambar ƙarshe ta kowane awo: in rabinsu suna ƙarewa da sifiri, 140 da 150 da 90, ma'aikacin yana ƙiyasi ne.

Jini ya fi komai saurin ɓaci a wannan gari. Mai shan maganin sa fitsari dole a riƙa duba sinadarin fotasiyam a jininsa, kuma wannan awo yana da tarko uku. Kwalba mai murfin shunayya tana da fotasiyam a cikin maganin hana daskarewarta, don haka ita ake cikawa daga baya, in aka fara da ita ta gurɓata ta gaba. In aka matse jinin ta siririyar allura da ƙarfi ƙwayoyinsa suka fashe, lambar za ta hau ta ƙarya. Na uku shi ne wanda ya jefa jinin da ba a tace ba cikin kular ƙanƙara don ya kare shi daga zafi. Sanyi yana sa fotasiyam ya tsiyayo daga cikin ƙwayoyin jini, sai sakamako ya nuna lafiya lau ga mutumin da nasa ya yi ƙasa. Maganin duka shi ne a juya jinin a na'ura a raba ruwansa cikin awa biyu, sannan a sanyaya. Abin da za a adana a zuba shi a ƙananan kwalabe da yawa, don kada a narkar da guda a sake daskarar da ita, a raba su firiza biyu masu sanyin 80 ƙasa da sifiri, a ɗaki mai na'urar sanyaya iska, da wutar sola ko janareta na ko-ta-kwana, da na'urar da ke rubuta sanyin dare da rana. Dare ɗaya na rashin wuta yana iya cinye aikin shekara uku. Wanda zai yi nazarin ciwon sukari kuma ya sani gwajin matsakaicin sukarin wata uku yana iya yin kuskure ga mai ɗauke da rabin sikila, wato kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya, don haka a yi wa kowa gwajin sikila tun farko.

Azumi ma a rubuta shi cikin ƙa'idar aiki. Maganin safe da dare zai koma sahur da buɗa-baki, kuma mai sa fitsari da aka sha da sahur a lokacin zafi yana iya kayar da tsoho kafin la'asar. A faɗi tun farko lokacin da za a mayar da shi, a kuma rubuta ko mutum yana azumi a ranar kowane awo.

Batun firgitar yaƙi ya fi wuyar aunawa. Takardar da aka fi amfani da ita, wadda cibiyar tsofaffin sojojin Amurka ta tsara, tana da tambaya 20, kowace da maki daga sifiri zuwa 4, jimilla 80, kuma wanda ya kai 31 zuwa 33 ake tura shi a yi masa cikakkiyar tattaunawa. Wannan iyaka a kan Amurkawa aka gwada ta. Kafin a yi aiki da ita a nan sai wani ya fassara ta zuwa Hausa, wani da bai ga asalin ba ya mayar da ita Turanci, a daidaita inda suka saɓa, a karanta wa tsofaffin sojoji goma ko ashirin a tambaye su me suka fahimta, sannan likitan ƙwaƙwalwa na Kware ya duba wasu da kansa don a ga inda iyakar ta dace. Mutuminmu ba ya cewa yana da damuwa. Zai ce kansa yana zafi, barci ya ƙaurace masa, zuciyarsa tana tashi da matarsa a kan abin da bai kai ba, ko a ce iska ta taɓa shi a daji. Sojoji da yawa a Giginya kuma ba Hausawa ba ne, sai da Turancin buroka za a same su. Amsa tana karkata gefe biyu: mai kaki yana ɓoyewa don kada a ce ya taɓu a hana shi ƙarin girma, wanda ya yi ritaya kuma yana iya ƙarawa in ya zaci takardar za ta kai ga masu biyan haƙƙi. Dole kowa ya ji a fili cewa amsarsa ba za ta je wajen kwamanda ba, ba za ta je hukumar fansho ba.

Wannan ya kawo mu kan neman yarda, wanda a ganina nan ne mutuncin aikin yake. Mutumin da ya yi shekara 35 yana karɓar oda, in likita mai muƙamin kanar ya miƙo masa takarda, hannu zai sa ya ƙame. Saboda haka farar hula ne zai nemi yardarsa, a ɗakin da babu kaki, ba kuma ranar tantance 'yan fansho ba, duk da ita ce ranar da ta fi sauƙin tara su. Ma'aikaciyar za ta ce masa: "Baba, wannan ba oda ba ce. In ka ce a'a, katinka yana nan, maganinka yana nan, fanshonka ba abin da zai taɓa shi. In ka shiga kuma ka ga ba ka so, ka fita ranar da ka ga dama." Sai ta ce ya maimaita mata da bakinsa abin da za a yi masa, da abin da ƙuri'a take nufi. In ya ce ai likita ne zai zaɓar masa mafi kyau, bai gane ba tukuna, a sake bayani. Takardar ta kasance da boko da ajami, ya tafi da ita gida ya yi shawara da iyalinsa. Wanda zai dangwala yatsa ya zo da shaidar da ba ma'aikacin binciken ba. Kuɗin mota a ba shi daidai abin da ya kashe daga Illela ko Tambuwal da na abincin rana. In ya zarce haka a wajen mutumin da ke jiran fansho, ya zama sayen yarda. A kuma rubuta wanda zai biya in maganin ya yi masa illa, da yadda zai ci gaba da samunsa bayan an rufe binciken.

Bin sawu shi ne aikin da ke cin kuɗi da haƙuri. Sunaye suna maimaituwa, Abubakar Muhammad goma a rajista ɗaya, shekarun haihuwa kuma sau da yawa ƙiyasi ne. Lambar soja ita ce ba ta da ta biyu, sai dai tana tona ko wanene, don haka lambar bincike ake liƙawa a kwalba da takarda, littafin da ke haɗa lambobin biyu yana kulle a wani wuri daban, kamar yadda dokar kare bayanai ta 2023 ta wajabta kula da irin wannan sirri. A karɓi lambar waya uku, tasa, ta ɗansa, da ta mai unguwa ko shugaban 'yan mazan jiya na yankin, tare da kwatancen gida. Wanda ke Isa ko Sabon Birni hanya za ta iya hana shi zuwa wata da watanni, sai a tanadi awo a asibitin da ya fi kusa da shi. Wanda ya daina shan magani ba a goge shi, a gidan da ƙuri'a ta jefa shi ake lissafa shi har ƙarshe, in ba haka ba duk wanda maganin ya wahalar zai ɓace daga lissafi maganin ya fito fes.

Wanda ya rasu kuma dole a san dalili, tunda mutuwa ce babban abin da ake ƙirgawa. A nan mutum yakan cika da asuba a binne shi kafin azahar, galibi a gida, babu takardar likita. Hanyar da ta rage ita ce tambayar waɗanda suka yi jinyarsa, da takardar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don haka: kwana nawa ya yi, ƙafafu sun kumbura, baki ya karkace, fitsari ya ɗauke, ya yi tari da jini. Ba a zuwa cikin kwanakin zaman makoki, ba a kuma bari ya wuce shekara, don tunani yana dusashewa. Mai cikakken bayani yawanci matarsa ce, ita kuwa tana takaba wata huɗu da kwana goma, don haka mace ce za ta shiga wajenta, ta fara da ta'aziyya, ta nemi izini, ta duba ragowar kwalaben magani in suna nan. Likitoci biyu da ba su san gidan da marigayin yake ba su karanta amsoshin kowa shi kaɗai, in sun saɓa a kai wa na uku.